Abin da na gano sa'ad da na fita neman sabuwar waya ina makaho

Duk shekara kamfanonin waya suna fitar da sababbin samfura, kuma abin da ake yayatawa a kansu bai cika wuce ƙarfin kyamara da hasken fuska da sirantar jiki ba. Ni da na rasa ganina tun ina saurayi sanadiyyar hawan jinin ido, kaɗan ne daga cikin waɗannan suke amfanata, domin da kunne da yatsa nake sarrafa waya, yawancin lokaci ma fuskarta a kashe take don kada caji ya tafi a banza. Da wayar da na daɗe ina riƙewa ta tsufa har batirinta ya daina kai ni azahar, sai na ƙudura cewa ba zan sayi wata ba sai na taɓa sababbin da hannuna, na saurare su da kunnena, na tabbatar ko akwai abin da suka ƙara wa irina.

Adalci ne in fara da cewa waya ta taɓa sauya rayuwar makafi sauyi na gaske. A zamanin wayoyin Nokia masu madannai, sai mutum ya sayi wata manhaja daban, irin su Talks ko Mobile Speak, kafin wayar ta yi masa magana, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. A shekarar 2009 kamfanin Apple ya saka VoiceOver, manhajar da take karanta fuskar waya da murya, a cikin iPhone 3GS kyauta, a shekarar kuma Google ya fito da irinta ta wayoyin Android mai suna TalkBack, sannan a 2011 Android ta samu tsarin da makaho zai riƙa yawo da yatsa a kan gilashi murya tana faɗa masa abin da ya taɓa. Wanda bai taɓa miƙa wa yaron maƙwabta waya ya karanta masa saƙon matarsa ko sanarwar shigar albashinsa ba, da wuya ya fahimci girman wannan al'amari. Sirrinmu ne ya dawo hannunmu, kuma da wannan ma'aunin nake auna duk wani abin da aka ce sabo ne.

Na tafi kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano tare da ɗan yayata, na kuma tsara gwajin da zan yi wa kowace waya tun daga gida. Zan sa a kunna mini TalkBack, in ja yatsa da sauri daga abu zuwa abu in ji ko muryar tana biye da ni ko tana jan ƙafa, in rubuta gajeren saƙo, in ƙure ƙarar lasifika a cikin hayaniyar janareto da masu ciniki, sannan in laluba jikin wayar in ji inda madannai da ramuka suke. Wani mai shago, mutumin kirki wanda ya ba ni kujera ya kuma yi haƙuri da ni, ya ɗora mini wata a tafin hannu ya ce, "Malam, wannan ita ce ake yayi, kyamararta megafiksel ɗari da takwas ce." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma taimaka ka kunna mini maganarta tukuna." Da muryar ta fara fita sai na ji shagon ya yi tsit, domin shi kansa bai san wayoyin da yake sayarwa suna da wannan tsari a cikinsu ba. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai sai ka buɗe musu aji a nan."

Abu na farko da hannuna ya shaida mini shi ne cewa jikin waya ya daɗe yana tafiya ne ta hanyar da take rage wa yatsa abin kamawa. Tun da aka cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, aka kuma cire madannin tsakiya daga iPhone X a 2017, manyan wayoyi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ga mai gani wannan ado ne, amma ni ramin iyafis yana nufin in saurari saƙona a cikin A Daidaita Sahu ba tare da na kusa da ni ya ji ba, kuma ba tare da na damu da cajin wata na'ura ta biyu ba. Iyafis marar igiya yana da ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da fitowar murya, jinkirin da mai sauraron karatu ko waƙa ba zai lura da shi ba, amma wanda yake rubutu harafi bayan harafi yana jin sa a kowace taɓawa. Haka kuma wurin dangwala yatsa da aka mayar ƙarƙashin gilashi ba shi da wata alama da za a laluba, sai dai a yi ta kirdado, alhali wanda yake jikin madannin gefe yatsa yana faɗawa kansa da kansa. Abin da na yaba a jikin sababbin wayoyi shi ne ramin caji na USB-C, wanda ake soka igiyarsa ta kowace fuska, kuma duk wanda ya taɓa lalata ramin tsohuwar igiya garin lalube ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ƙananan wayoyi masu araha sun riƙe ramin iyafis da madannin gefe, sai dai a nan wata matsalar take. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa sukan yi nauyi da zarar an kunna mai karanta fuska, ka ja yatsa sau uku kafin muryar ta faɗi abu na farko, wasu kuma tsarinsu na tattalin batir yakan kashe maganar gaba ɗaya, mutum ya zauna da gilashi shiru a hannu har sai mai gani ya zo.

Akwai ƙirƙira guda ɗaya a jikin waya da na yarda sabuwa ce, kuma na gwada ta a wayar wani abokina. Daga iPhone 12 Pro a 2020 aka fara saka na'urar LiDAR, wadda take auna nisa da haske, da ita wayar take faɗa wa makaho cewa akwai mutum a gabansa da tazarar da ke tsakaninsu, a 2022 kuma aka ƙara mata gane ƙofa da karanta rubutun da ke jikinta. A barandar wani ginin ofisoshi ta kai ni bakin ƙofa daidai, ta kuma karanta mini lambar ɗakin, har na ji tsigar jikina ta tashi. Amma da muka fito titi sai lissafin ya canza. Hannuna na dama yana riƙe da sanda, na hagu kuma zai miƙa wayar da farashinta ya haura naira miliyan ɗaya a gabana, a garin da kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi jama'a. Kwata da ramuka da baburan da aka ajiye a bakin hanya kuwa sandata ta fi ta sanin su. Fasahar tana da kyau, sai dai an ajiye ta a samfuran da suka fi tsada kawai, waɗanda malamin makaranta irina ba zai iya saya ba ko da ya haɗa albashin watanni.

Da na zauna na lissafa abubuwan da suka sauƙaƙa mini rayuwa a 'yan shekarun nan, sai na tarar kusan dukkansu ta manhaja suka zo, kuma tsohuwar wayata ta karɓe su ba tare da na ƙara ko sisi ba. Be My Eyes, wadda wani mai larurar gani ɗan ƙasar Denmark, Hans Jørgen Wiberg, ya assasa a 2015, tana haɗa makaho da mai gani na sa-kai ta bidiyo, a 2023 kuma ta ƙara ƙirƙirarriyar basira da take bayyana hoto dalla-dalla. Seeing AI ta Microsoft ta fito a 2017, ta iso Android a ƙarshen 2023, ga kuma Lookout ta Google tun 2019. Rubuta Braille, wato rubutun makafi, a kan gilashi da yatsu shida, wanda ya ninka saurin rubutuna, ya zo iPhone a 2014 da Android a 2020, duk ta sabunta manhaja. Da waɗannan nake karanta lambar mitar wuta, nake bambance takardun naira ɗari da ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, waɗanda girmansu ɗaya ne a hannu, nake kuma sanin launin rigar da zan sa ranar Juma'a. Suna cin data, suna kuma buƙatar sabis mai ƙarfi, sannan basirar takan faɗi kuskure da cikakkiyar murya kamar mai tabbaci, shi ya sa ba na dogara da ita ita kaɗai a kan adadin maganin da zan sha.

Inda raina ya fi sosuwa shi ne batun harshe. Duk wayar da na gwada a kasuwa, mai tsada da mai araha, da bakin Bature ta karanta mini Hausa. Idan ƙanwata ta rubuto tana tambayar lafiyar yara, sai na rage gudun muryar, wani lokaci in bi saƙon harafi-harafi, kuma kalmar da take da ƙ ko ɗ ko ɓ takan fito a gurguje ko a karye. Mu da muka yi boko mun saba, kunnenmu ya koyi gyara abin da na'urar ta ɓata. Amma makafi da yawa a unguwanninmu karatun allo suka yi, wasunsu mahaddata ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, ba su jin Turanci, don haka babbar waya a wurinsu ba ta wuce amsa kira da tura saƙon murya a WhatsApp ba, shi ma sai an buɗe musu. Google Translate ya san Hausa tun 2013, masu magana da harshen kuma miliyoyi ne masu yawa daga Najeriya da Nijar har Gana da Sudan, saboda haka ban ga dalilin da zai sa murya mai kyau ta Hausa, wadda take aiki ba tare da intanet ba, ta kasa zama cikin kowace waya tun daga kwalinta ba. Ranar da aka yi haka, ko a waya mafi araha ce, zan kira ta sabuwar waya da gaske.

Akwai kuma cikas da babu samfurin da zai iya kawar da shi. Manhajar bankin da nake hulɗa da shi tana aiki da mai karanta fuska lafiya lau, sai aka sabunta ta, muryar ta koma cewa madanni, madanni, madanni, babu suna ko ɗaya, ban san wanne ne na tura kuɗi wanne ne na fita ba. Idan na koma lambobin tura kuɗi na kira, lokaci yakan ƙare kafin muryar ta gama karanta zaɓuɓɓukan. A wurin masu POS kuma na'urori da dama yanzu gilashi ne zalla, wanda yake tilasta wa makaho ya faɗa wa baƙo lambarsa ta sirri. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da dokarta a Yunin 2025, wadda ta wajabta wa bankuna da masu ƙera waya su sa kayansu su yi aiki ga kowa. Muna buƙatar irin wannan tilas ɗin a kan masu rubuta manhajojinmu na gida fiye da yadda muke buƙatar ƙarin kyamara.

A ƙarshe matsakaiciyar waya na saya, samfurin bara, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 da babban batir da ramin iyafis da wurin dangwala yatsa a gefe. Tambayar da na fi nanatawa kafin in biya ita ce shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta, domin tun da Google a 2023 da Samsung a 2024 suka yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, na fahimci cewa tsawon wannan alƙawari shi ne yake nuna yawan sababbin abubuwan da za su iso hannun makaho nan gaba. Ragowar kuɗin na sayi fawabank da iyafis mai igiya guda biyu. Ɗalibaina makafi da suke tambayata wace waya za su saya, nakan ce su je da kansu su kunna maganarta kafin su yi ciniki, kuma idan tsohuwar tana karɓar sabuntawa, canjin batir ya wadatar. Bankin kuwa na rubuta musu takarda, ɗan yayata ya taimaka mini muka jera madannan da ba su da suna shafi bayan shafi, na kai da kaina aka buga mini hatimin karɓa, kuma ina shirin komawa tare da wasu 'yan ƙungiyarmu ta makafi idan sabuntawa ta gaba ta fito ba a gyara ba.