Yadda indararo ya kusa cinye mini bango

A damina ta uku da tarewarmu a Unguwar Rogo da ke Jos, bangon ɗakin baƙi ya fara danshi, fenti yana kumbura yana zubowa. Na ɗauka rufi ne ke yoyo, har na sa aka canza kwano biyu, amma kuɗin suka tafi a banza.

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi tsanani, na kira wani dattijon kafinta. Ya kafa tsani ya hau, ya ce: "Alhaji, kwanonka lafiya ƙalau yake, zo ka gani da idonka." Indararon ya cika da ganyen mangwaro da ƙurar hunturu wadda ta koma taɓo, har ciyawa ta tsiro a ciki. Bayan mun kwashe, sai ya juye bokitin ruwa a ciki, ruwan kuwa ya bar hanyar bututu ya koma baya ya kwanta, domin nauyin taɓon ya lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe da indararon. Ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ɗaure su yadda za su ɗan gangara zuwa bakin bututun.

Kuskure na biyu nawa ne, domin ni na yarda bututun ya ƙare a gindin bango. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne, don haka rufina mai kusan murabba'in mita 100 yana zubar da lita 2,000 a ruwan milimita 20, kuma duk a ƙarƙashin ginin yake nutsewa. Na sa birkila ya yi magudana ta siminti har zuwa kwatar bakin titi, wadda muka tarar ledar fiya wata ta toshe ta. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a unguwannin Rikkos da Gangare na Jos ba ya buƙatar dogon bayani, shi ya sa maƙwabta suka fito da shebur ranar Asabar muka yashe ta.

Yanzu a watan Maris nake hawa tsani kafin ruwan farko, na kuma ajiye duro biyu a ƙarƙashin bututun baya, inda uwargida ke ɗiban ruwan wanki.