Laraba: rubutun Hajiya da ya ɓace

Da safe komai lafiya lau. An kawo wuta tun asuba, mai ƙosai ta zo da wuri, kuma jadawalin da ke shafin Confluence, manhajar da muke rubuta bayanan aiki a ciki, ya yi daidai da abin da ke Jira, manhajar bin ayyuka inda kowane aiki yake da katinsa, kati 46, babu wanda ya kauce. Na ji daɗi ƙwarai, domin mako uku ke nan ɗan aikenmu, wato ƙaramar manhajar da muka rubuta, yana kwaso matsayin ayyuka daga Jira yana zubawa a shafin ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Wajen sha ɗaya da rabi sai ga Hajiya a kaina, tabarau a hannu.

"Malam, wa ya goge mini rubutu?"

Sakin layi biyu ne ta rubuta a ƙasan jadawalin, tana bayyana dalilin ɗage horas da ma'aikata zuwa wata mai zuwa. Ta adana, ta ga ya hau da idonta, ta fita amsa waya, ta dawo babu shi. Na ce, "Hajiya, ki zauna, tarihin shafi zai gaya mana." Muka buɗe. Bugu na 212 nata ne, ƙarfe 11:18. Bugu na 213 na ɗan aike ne, a cikin wannan mintin, kuma rubutunta babu ko harafi.

Ga abin da ya faru. Confluence ba ya karɓar gyaran layi ɗaya ta hanyar API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata manhaja. Ko kalma ɗaya za ka canja, sai ka karanto shafin gaba ɗaya, ka gyara a wajenka, ka mayar da shi gaba ɗaya, haɗe da lambar bugu ta gaba, wato wadda ka tarar ka ƙara ɗaya. An yi wannan lambar ne don kare aikin mutane. Ɗan aike ya karanto bugu na 211, ya tafi Jira yana tattara katuna, abin da ke cin daƙiƙoƙi kaɗan. A tsakanin nan Hajiya ta adana nata, ya zama 212. Da ɗan aike ya dawo da nasa 212 ɗin, Confluence ya ƙi, ya mayar masa da lamba 409, ma'ana wani ya riga ka, abin da ke hannunka ya tsufa. Har nan babu laifi. Laifin yana cikin layuka huɗu da muka rubuta don irin wannan yanayi: in an samu 409, a sake tambayar lambar bugu, a ƙara ɗaya, a sake turawa. Lambar kaɗai yake sabuntawa. Jikin shafin da yake turawa tsohon ne, na 211, wanda babu rubutun Hajiya a ciki. Aka yi masa gargaɗi, ya share gargaɗin ya wuce.

Dawo da rubutun bai ɗauki minti biyu ba. Mun kwatanta bugu biyun, muka kwafo sakin layin, muka mayar. Gyaran layukan huɗun ma ba wuya: bayan 409 a koma farko, a sake karanto jikin shafin, a canja jadawalin kaɗai, a tura, kuma in an gwada sau uku bai shiga ba a haƙura a rubuta a kundin kurakurai.

Na faɗa mata haka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na ji. Amma Malam, me ya sa tun farko na'ura take rubutu a takardar da mutum yake rubutu?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat yini guda, domin gaskiyarta ce. Gyaran 409 yana rage haɗari ne kawai. Muddin shafi ɗaya ne ake rububi a kansa, wata rana wani zai matsar da jadawalin, ko ya canja kan maganar da ɗan aike yake bi ya gane inda zai rubuta, a sake wata ɓarnar. Don haka bayan azahar muka raba gida. Muka buɗe ƙaramin shafi a ƙarƙashin babban, jadawali kaɗai ke cikinsa, muka kulle shi yadda kowa zai iya gani amma asusun ɗan aike ne kawai zai iya gyarawa. A babban shafin muka dasa Include Page, wanda ke nuno abin da ke ƙaramin kamar a nan aka rubuta shi. Mai karatu ba zai ga bambanci ba. Ɗan aike kuwa an karɓe masa izinin gyara babban shafin baki ɗaya.

Akwai hanya mafi sauƙi, na sani: a dasa tagar Jira a shafin, a ba ta tambayar JQL, wato yaren binciken katuna na Jira, ta riƙa nuno katunan kai tsaye ba tare da an kwafi komai ba. Inda kowa yake da asusun Jira, ita zan zaɓa ido rufe. Namu matsalar, rabin masu karanta shafin ba su da izinin ganin katunan, taga kuwa abin da aka yarje maka kaɗai take nuna maka. Kuma ba ta ajiye yadda jadawalin yake a makon jiya, alhali Hajiya da shi take haɗa rahoton wata.

La'asar sakaliya Oga ya leƙo. Ya ji labari, ya ce tunda ana gyara, a yi yadda in an canja ranar wa'adi a shafin ita ma za ta canja a Jira. Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri da wannan." In hanya ta zama biyu, canji a shafi zai taɓa Jira, Jira ta aiko saƙon cewa kati ya canja, ɗan aike ya koma ya taɓa shafi, a yi ta zagaye. Ana iya toshe wannan: a yi watsi da duk saƙon da asusun ɗan aike ne ya haddasa shi, kuma kada a rubuta komai sai an ga sabon ya bambanta da tsohon. Amma in mutum biyu suka canja wa'adi ɗaya a wuri biyu cikin minti guda, babu dabarar da za ta san wanda ke da gaskiya. Na zana masa a allo: matsayi, wa'adi da mai aiki na Jira ne, dalili, shawara da bayanin taro na Confluence ne, abin da ke komawa Jira daga shafi adireshin shafin ne kawai. Ya ce zai yi tunani. Ban tabbata ya gamsu ba.

Ƙananan abubuwa da na tsinta a hanya. Wa'adin kati biyu ya ja baya da kwana ɗaya, domin Jira kwanan wata zalla take bayarwa, mu kuma mun mayar da shi sha biyun dare agogon Najeriya sannan muka juya zuwa UTC, agogon duniya da ke bayan namu da awa ɗaya, ya zama sha ɗayan daren jiya. Yanzu a rubuce muke ɗaukarsa, ba ma juya shi. Wani kati mai alamar & a takensa ya sa an ƙi karɓar shafin duka, sai da aka sauya ta zuwa & kafin turawa. Makullin API yana da wa'adi, na sa ranar a kalandar ofis.

Sai maganar wuta. Kwamfutar da ɗan aike ke zaune a ciki tana ofis. In Jira ta aiko saƙo ba a amsa ba, tana sake gwadawa har sau biyar, tsakanin kowanne minti biyar zuwa sha biyar, wato duka bai fi awa ɗaya da kwata ba. Batirinmu ya taɓa mutuwa na awa uku. Saboda haka na ƙara zagayen dare: ƙarfe biyu a tambayi Jira duk katin da aka taɓa cikin awa 24, a daidaita jadawalin da su.

Bayan magariba kowa ya watse, na zauna ina bin tarihin shafuka, ina neman duk inda bugun ɗan aike ya biyo na mutum cikin minti ɗaya. Na samu biyu bayan na Hajiya. Ɗaya na ɗan bautar ƙasa ne. Ya sake rubuta abinsa washegari bai gaya wa kowa ba, ina jin ya ɗauka shi ne bai adana daidai ba. Wannan ya taɓa ni. Ɗayan kuwa layi uku ne game da sharaɗin da aka amince da shi a taron makon jiya, kuma babu wanda ya lura ya ɓace. Kwana tara shafin yana nan babu shi, ana karantawa ana aiki da shi.

Na mayar da layukan, na tura wa Hajiya saƙo ta duba ko akwai abin da aka yanke a kwanakin nan ba tare da sharaɗin ba. Ba ta amsa ba tukuna. Saura shafuka biyar ban bi ba, da su zan fara gobe in Allah ya kai mu.