An Haska Fim Ɗin, Ga Godiyata

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an haska fim ɗina a kan gubar dalmar Zamfara a Gusau. Tun daren Asabar nake son in zauna in rubuto muku, amma da na dawo Kano daga Gusau sai jiki ya ƙi. Kwana biyu na yi a kwance, waya a kashe. Duk wanda ya neme ni bai same ni ba ya yi haƙuri, wallahi ba wulaƙanci ba ne, gajiyar shekara 3 ce ta sauko mini a lokaci guda.

Ba sai na sake ba ku labari ba, da ku aka yi komai. Kuna nan wanda ya yi mana alkawarin kuɗi ya janye ana saura mako biyu mu fita lokeshan. Kuna nan na sayar da filina. Kuna nan ma'ajiyar kwamfutar da aikin kwana 19 ke ciki ta mutu a hannun edita, na zo nan ina neman addu'arku da tsakar dare. Duk wannan ya wuce. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne tsoron da na shiga zauren nan da shi.

Ba tsoron asara ba ne, wannan na riga na sallama. Tsoron mutanen da muka ɗauko a mota biyu daga yankin Anka nake yi. A kansu aka yi fim ɗin nan. A 2010 ne yara suka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yaro yana wasa da safe, kafin dare ya kama jijjiga. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga aka gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma, a kawo shi gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a ƙasan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu kuma wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu, wasu ido ya tafi. Magani ba ya amfani sai an kankare ƙasar gida an zuba sabuwa, in ba haka ba yaro zai koma ya sake kwasa. Mutanen Bagega sai 2013 aka zo musu. Bayan nan a 2015 abin ya sake ɓulla a Jihar Neja. Ni ɗan Zamfara ne, ina saurayi lokacin, kuma abin bai taɓa fita daga raina ba.

To amma wanda ya daka dutsen nan uban yaron ne, wadda ta shanya uwar yaron ce. Ba mugunta ta sa su ba, talauci ne, noma bai riƙe gida ba, zinariya kuma ta yi tsada. Ta yaya za ka nuna wa uwa hannunta a cikin mutuwar ɗanta ba tare da ka ci mata fuska ba? Wannan tambayar na kwana da ita tun daga ranar da na fara rubutu. Ga shi tun da gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 mutane suka ƙara rufe baki, kowa na ganin mai kyamara ɗan leƙen asiri ne. Ga rashin tsaro da ya hana mu ɗauka a can, sai a wani ƙauye a nan Kano muka gina gidan. Shi ya sa nake jin idan suka kalla suka ce ba haka aka yi ba, ko suka ce na sayar da hawayensu, to na gama yawo, ko da duniya duka ta tafa mini.

An fara lafiya. Ni ban iya zama ba, ina tsaye a baya kusa da majigi. Daidai wurin da yarinyar cikin fim ɗin ta fara jijjiga a kan tabarma, uwarta na ɗura mata rubutu da ludayi, sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Zauren ya yi baƙi ƙirin. Babu wanda ya yi tsaki, babu wanda ya kunna fitilar waya. Shiru kawai, irin shirun gidan makoki kafin a fito da gawa. Can na ji kujera ta motsa a layin mata, na ji takun silifa yana nufo baya. Na ce shi ke nan, sun fara fita. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na jingina da bango ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Sai na ji an kama hannuna. Hannu ne mai kaushi, tafin duk kanta irin ta taɓarya. Inna ce, tsohuwar da ta binne jikoki biyu a shekarar gubar, wadda ta yi mako guda da mu a lokeshan tana koya wa jarumarmu yadda ake riƙe taɓarya in dutse ake daka ba gero ba. Ta matse hannuna ta ce, "Ɗana, a tada injin ga. Ba mu ƙare ganin ɗiyanmu ba."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Ba ta kuma sake ni ba har wutar ta dawo, wajen minti goma, tana tsaye tare da ni a cikin duhu, ita da ya kamata a ce ni ke lallashinta. Da aka gama maza suka fito ba mai magana, sai wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko za a iya kai fim ɗin garinsu a nuna wa matasa, domin har yanzu akwai masu shigo da dutse gida. Inna, na san ba ki karatun boko, amma na sa a karanta miki wannan. Allah Ya jiƙan jikokinki, Ya sa masu ceto ne, Ya haɗa ku a Aljanna Firdausi. Abin da kika yi mini a daren nan ba ni da bakin biyansa.

Na san al'adarmu ba a fallasa mai alheri, kuma wasunku sun roƙe ni kada in ambace su. Ku gafarce ni, ba zan iya yin shiru ba. Gwaggona ta Tudun Wada, wadda ta cire 'yan kunnenta na aure ta sa a hannuna ranar da kuɗi suka yanke, ta ce kada mijinta ma ya ji: Gwaggo, yau kowa ya ji. Mai gyaran nan na kasuwar Farm Centre da ya kwana uku a kan ma'ajiyarmu har ya ceto komai ban da sin (fitowa) biyu, ya karɓi kuɗin kayan da ya saya kawai ya ce sauran sadaka ce ga yaran. Editana, da ya bar aikin biki mai kuɗi a hannu ya zauna da ni wata biyar a ɗan ɗakinsa na titin gidan Zoo, fanka ba ta juyawa. Mai ɗaukar hotonmu da ya yi aiki da zazzaɓi a jikinsa. Jarumarmu, wadda hannunta ya yi ƙuraje ya fashe da daka, ba ta taɓa cewa a sa wata a madadinta ba. Mai garin ƙauyen da ya ba mu masauki, da matan da suka riƙa aiko mana da fura ba mu roƙa ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba rubutun ta gyara mini kurakurai a kan yadda ciwon ke kama yaro. Direbobin motocin nan biyu da suka bi hanyar da kowa ya san halinta. Da ku da kuka turo dubu ɗaya, dubu biyu, har da ɗalibar da ta turo ɗari biyar ta ba ni haƙuri wai ba yawa. Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya raya zuriyarku, Ya tsare 'ya'yanku daga ciwon da ba a san kansa ba, Ya buɗa muku ta inda ba ku zato, yadda kuka share mini hawaye Allah Ya share naku ranar da babu mai sharewa sai Shi.

Iyayen gidana a masana'antar nan ma ina godiya, har da waɗanda suka ce mini in sa waƙa huɗu da soyayya domin ba mai sayen baƙin ciki. Ban riƙe ku ba. A ƙarƙashinku na koyi riƙe kyamara, kuma gaskiya kuka faɗa game da kasuwa: tun da faifai ya mutu kowa ya koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, fim irin wannan ba ya mayar da kuɗinsa da wuri. Na sani, kuma har yanzu da bashi a kaina. Amma ko yau aka ce in zaɓa, shi zan sake yi.

Mahaifiyata ta zo, ta zauna a layin gaba, ita da ba ta taɓa shiga wurin kallo ba. Kujeru shida na ajiye a gefenta da sunan 'yan gidanmu, har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Daga unguwarmu zuwa zauren ko kuɗin Keke Napep ɗaya bai kai ba. Na san har yanzu akwai masu jin nauyin a ce ɗan'uwansu ɗan fim ne. Ba komai, na yafe, jini ba ya ɓaci. Sai dai Hajiya ta riƙa waiwayen ƙofa, kuma na gani.

Ga masu tambaya: za a nuna a Kano bayan an kammala maganar zaure, zan sanar a nan. Amma kafin nan akwai alkawarin dattijon nan. Muna neman aron majigi da ƙaramin janareta mai lafiya, da wanda ya san hanya ya kuma san mutanen yankin. Duk mai hali ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Turmin Inna da taɓaryarta suna nan a ɗakina, na naɗe su a buhu. Na so in aika mata da direba, ta ce a'a, in kawo da kaina in ci tuwo. In Allah Ya kai mu Juma'a zan tafi.