Wanda Ya Biya Mini Kuɗin Silima

Ranar Asabar da ta wuce na je Mabera gaida ƙanwata, na tarar da gidan a hargitse. Naira dubu biyu ta ɓata cikin kuɗin adashin da take ajiyewa a ɗaki, ta tsare yarinyar da ke yi mata aikatau a bakin madafa tana tambaya. Yarinyar ba ta fi shekara goma sha biyu ba. Hannunta da kumfar wanke-wanke, tana kuka tana rantsuwa. Ɗan ƙanwar tawa kuwa, wanda ya ba ta shekara biyu ko uku, yana zaune a kan tabarma da waya a hannu, bai ko ɗaga kai ba. Ni kuma a hanyata ta shigowa na gan shi a shagon bakin layi yana sayen data, ya ciro sababbin 'yan dubu-dubu guda biyu daga aljihu. Da muka haɗa ido ya ce, "Kawu, ina wuni," ya mayar da kansa kan wayar. Na san wannan sunkuyar da kan. Ni ma na taɓa yin irinta, shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Saboda shi nake wannan rubutu, da duk wani yaro irinsa.

Mu da muka tashi cikin garin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, silima ce duniyarmu. Ba kowane gida ke da talabijin ba, bidiyo kuwa bai iso ba tukuna. Gidan silima fili ne da aka kewaye da doguwar katanga, babu rufi, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya yi sosai. A gaba akwai bencina na masu ƙaramin kuɗi, nan ne wurinmu, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo. A baya akwai kujeru na manya. Can ƙarshe kuma ɗakin inji, da 'yar tagarsa inda haske ke fitowa ya ratsa ta saman kawunanmu, ƙwari suna iyo a cikinsa. Da hunturu mu ƙudundune cikin zanen da muka sato daga kan igiya. Da damina in hadari ya haɗo, rabin hankalinka na kan allo, rabi na sama. In fim ya tsinke a tsakiyar faɗa sai wurin ya ɗauki fito da zagi har mai inji ya haɗa. A ƙofa ga masu tsire da rake da gyaɗa, kowa da fitilarsa, ga warin sigari da ba ya barin riga sai an wanke.

Akwai na kaboyi, akwai na 'yan Cana, inda kowa ke fitowa yana harba ƙafa shi a dole Bruce Lee. Amma ranar Indiya ita ce rana. Dharmendra muke kira Sarkin Ƙarfi, in Amitabh ya bayyana kuwa sai benci ya girgiza. Ba mu jin ko kalma ɗaya, amma kullum akwai wanda ya ga fim ɗin sau uku, shi ke gaya mana abin da ekta ya ce wa bos, mu kuma mu yarda. A wannan allon na fara ganin teku. A nan na fara ganin jirgin ƙasa, domin layin dogo bai zo Sakkwato ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya. Har gobe in na rufe ido ina jin ƙarar injin nan.

Sai dai a gidanmu silima haramun ce. Mahaifina baduku ne, mutum mai kunya da tsare mutunci, kuma a wurinsa da wurin duk dattawan shiyarmu, silima matattarar 'yan iska ce da mata masu zaman kansu. A ce wa ɗanka ɗan silima zagi ne. Bayan magariba makarantar dare ya kamata a same ni. Don haka duk zuwan da na yi, da ƙarya na tafi, da ƙarya na dawo. Kuɗin shiga kuma ba daga sama suke faɗowa ba.

Da farko canji nake dannewa. In Baba ya aike ni sayen zare ko kai jakunkuna kasuwa, sai in rage sule guda. Tun 1973 aka koma naira da kwabo, amma mu kwabo goma sule muke ce mata. Da canji ya kasa sai na gano gwangwanin madara da Inna ke ɓoyewa a bayan jeren kwanoninta, inda take tara cinikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sule biyu yau, sule uku jibi. Ina gaya wa kaina ai kuɗin uwata ne, kuma ni ma ina taya ta talla. Har yanzu wani lokaci zuciyata na kawo mini wannan hujjar. Yaro ne ni ɗan shekara goma sha biyu, ba a taɓa ba ni ko kwabo na kashewa ba, duk sa'o'ina suna ba da labarin fim a makaranta, wanda bai gani ba shi ne baƙauye. Da Baba ya ɗan sassauta, da ya ce sau ɗaya a wata yayanka ya raka ka, wataƙila da ban taɓa gwangwanin nan ba. Ina faɗin haka, amma na san yara da yawa da aka hana kamar yadda aka hana ni, kuma ba su yi sata ba.

Akwai wani almajiri da ke yi mana ɗiban ruwa da shara, Inna na ba shi abinci safe da dare. Daga wani ƙauye ta wajen Gwadabawa aka kawo shi karatu. Sa'ana ne. Yana da wata 'yar shuɗiyar taguwa da ta yage a kafaɗa, ya ɗinke ta da jan zaren da ya roƙa a wurin Baba. In na dawo daga silima shi nake fara ba labari, a zaure, a ɓoye, yana buɗe baki yana saurare. Bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa tona ni ba.

Ranar da Inna ta ƙirga ta ga kuɗinta sun yi ƙasa sosai, ba wanda ya kalle ni. Wa zai zargi ɗan gida alhali ga almajiri yana shiga yana fita? Baba ya kira shi tsakar gida ya ce, "Yaro, mi kaɗ ɗauka ɗakin ga?" Ya ce bai ɗauki komai ba, ya rantse da Allah, ya rantse da allonsa. Ina tsaye jikin rumbu ina wasa da ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ya san inda nake samun kuɗin silima, ko bai gani ba ya sani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Baba ya kama hannunsa ya kai shi wurin malaminsu, aka zane shi a gaban 'yan'uwansa, daga ranar kuma aka hana shi shiga gidanmu. Abincin safe da na dare ya yanke masa ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna: a wannan makon na koma silima. Da ragowar kuɗin. Na zauna a benci na yi ihu tare da kowa.

Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan kamar shekara biyu, a wajen Tsohuwar Kasuwa, ya ɗauko buhu a ka yana dako. Na sauya hanya. Na ce wa kaina ai ya manta, ai almajirai sun saba da duka, ai ba ni na dake shi ba. Mahaifina ya rasu a 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, ya tafi yana ganin ya hori ɓarawo. Sai bayan an yi arba'in na iya gaya wa Inna. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Ni na yahe maka kuɗɗina. Shi hwa?" Na bi makarantar allon, malamin ya rasu, ɗaliban sun watse, ba wanda ya san sunan ƙauyen. Sunansa na fari kawai na sani, irin sunan da kowane gida ke da shi. Na yi sadaka da niyyarsa ba sau ɗaya ba, amma malamai sun gaya mini, kuma na sani, hakkin mutum sai mai shi ya yafe.

Silimar kanta ta mutu a kan idona. Bidiyo ya shigo gidaje, kuɗi suka yi wuya a shekarun 1980, daga baya finafinan Hausa suka cika kasuwa a kaset, mutane suka daina fita. Abin da na sayar da mutuncin yaron nan saboda shi bai ko kai ni tsufa ba. Karatun daren da na riƙa gudu kuwa sai da na yi aure na koma na durƙusa gaban malami tare da yara kafin in sauke.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, na ga ba ni da su.

In ka ɗauki abin da ba naka ba, aka kama wani a kansa, buɗe baki a wannan sa'ar. Ba gobe ba. Dukan da za ka sha na yini ɗaya ne. Ni na guje masa, ga shi ina da furfura ban gama biya ba. Kuma ku lura da wanda ake fara zarga a gidajenmu: almajiri, 'yar aikatau, yaron shago, wanda ba shi da mai tsaya masa. Kai da ke da uwa a ɗaki, shirunka kaɗai ya isa ya hallaka shi.

Sai maganar kallon. Raina na so in ce ku jefar da wayoyin nan cikin gulbin Rima. Mu dai mun taka da ƙafa, mun jira duhu, mun zauna awa uku a kan labari ɗaya. Ku fa? Silima na cikin aljihunku dare da rana, ba ƙofa ba mai gadi, ba ku iya kallon abu na minti biyu ba ku ture shi ba. Ana yi muku magana kuna latse-latse. Wasu ma sun wuce kallo sun koma cacar ƙwallo, yaro bai san kuɗin mudun gero ba amma ya san wanda zai ci a Ingila. Haushi nake ji, wallahi. To amma in na ce kada ku yi kallo na yi ƙarya, don ni kaina ba zan so a goge waɗancan dararen daga raina ba, kuma hanin da aka yi mini bai hana ni komai ba. Ku kalla. Amma da kuɗin guminku. Ka yi dako, ka yi wankin babur, ka zauna a shagon wani ka koyi ɗinki ko gyaran waya. In babu, ka haƙura, ba wanda rashin data ya taɓa kashewa.

Kada ku yi wa iyaye ƙarya a kan inda za ku. Ko da yake na san akwai uban da in ka gaya masa gaskiya ka jawo wa kanka, irin nawa, Allah Ya jiƙansa. To ka gaya wa uwarka, ko kawunka, wani dai babba ya san inda kake. Iyaye ku ma ku ji: ɗan abin kashewa da kuka ba yaro da hannunku ya fi arha a kan wanda zai ɗauka da kansa.

Ranar Asabar ɗin nan, ina zaune yarinyar na kuka, ban ce komai ba. Na ga ƙanwata a fusace, na ji nauyin in tona ɗanta a gaban 'yar aiki, na sha ruwa na yi sallama. Sai da na kai bakin titi na gane abin da na sake yi. Na koma, na aika aka kira mini shi waje, muka tsaya jikin katanga. Na ba shi labarin nan tun daga gwangwanin madara har zuwa buhun dako. Ya ce, "Kawu, ni fa aro na yi, zan mayar." Na ce ba kuɗin nake magana ba, yarinyar nake magana. Na ce ya je ya gaya wa uwarsa da bakinsa, kuma ya ba yarinyar haƙuri a gaban duk wanda ya ji an kira ta ɓarauniya. In dubu biyun ce matsala ni zan biya. Na ba shi zuwa Juma'a, in bai faɗa ba ni zan je in faɗa.

Jiya na kira ƙanwata na roƙe ta kada ta sallami yarinyar tukuna, ta ce ai ta riga ta aika wa uwarta ta zo su yi magana. Yau Laraba, shi kuma bai ce komai ba har yanzu.