Harafi ɗaya ya ci mini bargo

Shekarata uku ina ɗinka sunaye a jikin bargon jarirai a Cardiff, babban birnin Wales a Birtaniya, amma har yau in na tuna aikin Bronwen sai raina ya sosu.

Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, 'yar asalin Caernarfon da ke arewacin Wales, ta kawo mini bargon ulu mai tsada, ta ce an yi mata jika, in sa masa sunan jaririyar. Da baki ta faɗa mini. Ni kuma kunya ta hana ni cewa ta rubuta, kada ta ga kamar ban san aikina ba. Na leƙa intanet, na ga Bronwyn birjik, na hau keke na zuba shi da jan zare.

Da ta zo karɓa ko faɗa ba ta yi ba. Yatsa kawai ta ɗora a kan harafin y, ta ce, "Ai mace ce, 'yata."

Ashe a harshensu gwyn fari ne, gwen kuma fara, kuma kalmar tana ɗauke da ma'anar kyau da albarka. In an liƙa ta a bayan wata kalma sai g ta faɗi: bron, wato ƙirji, da gwen suka haifi Bronwen. Haka Olwen, haka Branwen. Masu ƙarewa da wyn na maza ne, irin Carwyn Jones da ya shugabanci gwamnatin Wales daga 2009 zuwa 2018. Bronwyn ɗin da ya ruɗe ni ya fi yawa a ƙasashe irin su Ostireliya, inda ba ruwansu da wannan bambanci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni Bahaushiya ce fa. Ko a mafarki ba zan ce wa mace fari ba, sai ga shi na ɗinka wa 'yar mutane da hannuna.

Na kwana ina farke zare da reza. Ulu kuwa ba ya yafiya, kowane ramin allura ya fito raɗau. Dole na sayo wani bargon da kuɗina, ribar wata guda ta tafi.

Yanzu akwai littafi a kan teburina, duk wanda ya zo shi zai rubuta suna da hannunsa, ko da kuwa Ann ne. Makon jiya aka kawo Siân, wanda ake furtawa Shan, mai 'yar hula a kan harafin a. Sau biyu na sa uwar ta duba hular kafin na zura zare.