Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda na yanke jiki na faɗi a bakin murhu ina tsaka da tuƙa tuwon dare, gefen zanina ya kama wuta, abokiyar zamana ta sheƙa min ruwan randa. Daga nan zan ɗora.

Kwana huɗu ana cewa iska ce. An ɗauko malami daga ƙauyen gabanmu ya yi min ruƙiyya, an turara ni da hayaƙi, na sha rubutu har cikina ya ƙulle. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce ai dama an ga alama, tun da na koma yawan barcin rana da ƙin shiga mutane. Ina kwance ina jin su. Ni kaɗai na san abin da ya kayar da ni: tramol uku na haɗiya a yinin nan, irin mai lamba 225 a jikin katinsa.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san da kodin na fara, bayan ɓarin da na yi. Shekarun nan maganin tarin ya cika ko'ina, har a 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum tsakanin Kano da Jigawa. Da BBC ta fitar da rahotonta a 2018 gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi, a rediyon maigida na ji labarin ina tankaɗe, gabana ya faɗi kamar an yi min mutuwa. Bai ɓace ba, tsada ya yi, ya fi ƙarfin mai sayar da ƙuli-ƙuli irina. Dillaliyar da ke kawo min a ƙarƙashin atamfofi ita ta ce ga tramol mai sauƙi, wanda 'yan ƙwadago ke sha su yini suna noma ba gajiya. Da ya hana ni barci, ta haɗa min da ƙwayar sa barci da ake kira D5. Haka na koma mai bauta wa iyayengiji biyu, ɗaya da safe, ɗaya da dare.

A rana ta huɗu Gwaggo ta iso, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Inna. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta ce nan za ta kwana. Can tsakar dare, da na zaci ta yi nisa, na lallaɓa na miƙa hannu bayan jere. Ƙarar ɓare katin nan ce ta tona ni, 'yar ƙaramar ƙara kamar ɓera na cin leda. Sai hasken tocila a fuskata. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tashi kowa ba. Ta miƙe ta sauke kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan babbar kwallar da ita da kanta ta saya min lokacin aure. Ta ɗaga murfi. Tsofaffin kwalabe ne a ƙasa, katunan da na shanye a sama, sun kusa cika ta. Ta daɗe a tsugune tana kallo, sannan ta mayar da murfin a hankali ta ce, "'Yar nan, ashe ke kaɗai kike ta haƙa kabarinki muna zaune." Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Washegari maza suka taru a zaure, ni ina jiyo su ta tagar ɗaki. Kawu ya ce a nemi gidan mari a kai ni, ƙarfe ne kawai ke gyara irin wannan. Yayana, wanda ke dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, ya ce sam. Ya tuna musu abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga irin wannan gida, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Ya ce ƙanwarsa ba za ta shiga nan ba yana raye, asibiti za a kai ta. Maigida bai ce uffan ba sai a ƙarshe, ya ce shi dai kada a ji a gari.

Nan Gwaggo ta ɗaga labulen zaure, abin da ban taɓa ganin mace ta yi a gidan ba. Ta ce, "Malam, gari ya riga ya ji ta faɗa wuta. Gara a ji tana asibiti da a ji ana karɓar gaisuwarta."

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da ke cina. A garinmu akwai samarin da kowa ya san suna shan wiwi a bayan makarantar firamare. Ana cewa ƙuruciya ce, in sun yi aure za su daina, kuma ana ba su auren. Amma mace in aka ce tana shaye-shaye, ba ita kaɗai aka yanke wa hukunci ba. 'Yarta ma ta shiga uku, don ranar da aka zo neman aurenta sai an sami mai raɗa wa dangin mijin cewa a bincika uwar. Wannan tsoron ne ya rufe min baki shekara da shekaru, ba daɗin ƙwaya ba. Daɗin ya ƙare tun a shekarar farko. Sauran duk sha nake don in iya tashi in ɗora tukunya. Kuma ko da na so neman magani, ta ina? Ba na fita sai da izini, izinin kuma sai na faɗi inda za ni. A ƙaramin asibitin garinmu mai ba da kati ɗan maƙwabtanmu ne.

Lokacin kaka ne, Allah Ya taimaka. Gwaggo ta sayar da tunkiyarta da gyaɗar da ta samu a gayaunarta, Yaya ya cika. Aka shaida wa mutane cewa za a kai ni birni a duba farfaɗiya. Yaran aka bar wa abokiyar zamana, kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, duk zaman doya da manjan da muka yi, ita ta karɓi na goye daga bayana ta ce in tafi kada in waiwaya.

Da asuba muka hau babur zuwa Dambatta. Kafin mu shiga mota Gwaggo ta ja ni bayan wata rumfa ta laluba ni kamar ɓarauniya, ta kwance guda biyu da na ƙulle a bakin zani, ta jefa a kwata. Tun kafin mu shiga Kano hamma ta fara, hanci na zuba, idona na hawaye ba kuka ba. Matar da ke kusa da ni ta ce sannu, mura ce? Na ce eh.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. A wajenmu in aka ce an kai mutum ɓangaren masu taɓin hankali, an gama da shi ke nan, shi ya sa na ja mayafi na rufe fuska tun daga ƙofa. Layin maza ne zalla, samari da iyayensu, wani an riƙe shi mutum biyu. Mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kowacce ta sunkuyar da kai kada wata ta gane ta.

Likitan ba babba ba ne, zan girme shi. Ya ce, "Malama, me kike sha?" Na ce maganin tari ne, shi ma jefi-jefi. Ya ajiye biro. Bai yi tsaki ba, bai yi min wa'azi ba. Ya ce shi ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan NDLEA masu kamen 'yan ƙwaya ba ne, abin da na faɗa a ɗakin nan zai tsaya. Amma in na rage masa lissafi, maganin da zai rubuta zai zo a rage, ni zan sha wuya. Gwaggo ta taɓa gwiwata ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa masa."

Na faɗa. Guda nawa da safe, nawa da la'asar, D5 nawa da dare, tun yaushe. Ban taɓa jin adadin da kunnena ba sai ranar, ni kaina na tsorata. Ya rubuta kamar mai rubuta awon hatsi, sannan ya yi min bayani. Tramol na asibiti mai 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwo mai tsanani ba a so ya wuce 400 a yini. Ni na sha 675 ranar da na faɗi, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ya ce D5 kuma ba a yanke shi rana ɗaya ga wanda ya daɗe a kai, don hakan ma na iya kayar da mutum, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawa. Haɗa su biyun kuwa na iya rage numfashi mutum ya wuce cikin barci. Na tuna dararen da nake farkawa ina haki kamar an danne ni.

Sai ya tambaya ko ina shayarwa.

Na ce eh, ɗan wata goma sha huɗu. Ya ce yaron yana yawan barci? Yana kama nono da ƙarfi? 'Yan uwa, a nan na rushe. Yaron nan duk unguwa yabonsa ake. Ana cewa ban taɓa haihuwar mai haƙuri irinsa ba, ba kuka ba rigima, in na kwantar da shi tun hantsi sai azahar. Har alfahari nake yi. Likita ya ce maganin na bi ta ruwan nono ya isa ga yaro. Ashe haƙurin da ake yabo, abin da nake sha ne yake sha. Ya ce a kai shi asibitin yara a duba shi ba da jinkiri ba, a kuma gaya musu gaskiya, don shi ma jikinsa zai iya neman abin. Yaya ya fita da waya a hannu yana kiran gida. Ni kuwa na kifa kai a kan teburin mutumin nan ina kuka, bai hana ni ba, Gwaggo ma ba ta hana ni ba.

An ɗebi jini da fitsari, aka ba ni gado a ɗakin mata. Yawancin na ciki ba shaye-shaye ya kawo su ba, akwai masu jegon da hankalinsu ya gushe bayan haihuwa, akwai tsofaffi. Irina mu uku ne.

Dare na biyu da na uku ba zan so wa maƙiyina ba. Sanyi na kaɗa ni ina zufa, tsikar jikina a tashe kamar kazar da aka fige. Gudawa ta sa na daina ƙirga zuwa bayi. Ƙasusuwana kamar ana sara da gatari, ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya, in na miƙe su sai in naɗe, in na naɗe sai in miƙe. Ga nono ya cika ya yi tauri yana zuba, yana tuna min wanda na baro. An sa min ƙarin ruwa, ana ba ni magunguna a kan lokaci, nas na tsaye sai ta ga na haɗiye. Na roƙi Gwaggo, na haɗa ta da Allah da darajar Inna, ta fita bakin titi ta samo min ko rabi ne. Na zage ta, ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba. Tana zaune a bakin gado tana matsa min ƙafa da man zafi, tana jan carbi da ɗaya hannun. Abin da kawai take cewa shi ne, "Na ji. Gari ya kusa wayewa."

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah mai sikila. Allurar penta aka fara yi mata saboda ciwon ƙashi tun tana budurwa, daga baya ta koma yi wa kanta, har cinyoyinta suka zama gyambo. Zuwanta na biyu ke nan. Ita ce ta ce min in daure zuwa kwana biyar, jiki zai saki, amma in shirya wa abin da ke biyo baya, don kewar abin a zuciya ta fi ciwon jiki daɗewa. Ta yi gaskiya. A rana ta shida na sha koko kofi guda ya zauna, na yi wanka da kaina, na yi sallah a tsaye. Barci dai bai dawo ba sai bayan makonni.

Da na fara jin dama aka sa ni cikin zaman tattaunawa. Wata malamar jinya mai yawan fara'a ke zama da mu ukun a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta tambayi kowacce abin da ke sa ta nema: wane lokaci, bayan wace magana, in ta ga wa. Ni na gano nawa la'asar ce, lokacin da gida ke yin shiru, tunanin cikin da na rasa ya taso. Ita ce ta gaya mana binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018, wanda ya gano mutum miliyan 14.3 na shan ƙwaya a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Ta ce mu dubi layin da muka bi ranar da muka zo, mu faɗa mata ko mun ga mace ɗaya cikin huɗu. Muka yi shiru. Ni gidajen da dillaliyar nan ke shiga kafin ta iso namu nake ƙirgawa a raina, na kai bakwai, kuma duk na san matan da sunansu.

Rana ta tara Yaya ya zo da yamma, da ƙurar kasuwa a jikinsa. Ya ce an kai yaron asibiti, ya yi kwana uku yana kuka ba ya barci, amma yanzu yana shan kunu, har ya fara ƙiriniya. Na ce ya maimaita min, ya maimaita. Sai na ga ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce Gwaggo ta zo waje yana son magana da ita. Ta taga na hango ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun gaba ya miƙa mata, ya ce daga maigida. Gwaggo ba ta iya karatun boko ba, amma ba ta tambaye shi abin da ke ciki ba. Ta ƙulle ta a gefen mayafi, ta dawo ta zauna, ta ce in ci abincina kada ya huce.

Abin da ke cikin takardar, da yadda muka kwana a daren, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.