Malamin da ya koma ɗalibi

Daren jiya, bayan na gama duba takardun ɗalibaina, na kunna kiɗan Shehrazad na Nikolai Rimsky-Korsakov, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Rasha, a waya. Akwai goge guda ɗaya a ciki, mai siririn sauti, shi ne muryar Shehrazad, matar nan da ke ba sarki labari a Dare Dubu da Ɗaya. Duk sanda ya dawo sai tsigar jikina ta tashi. A 1888 Rimsky-Korsakov ya tsara kiɗan.

Amma malantarsa ce ta hana ni barci. Hafsan sojan ruwan Rasha ne fa. A 1871, yana da shekara 27, aka naɗa shi farfesa a makarantar kiɗa ta Saint Petersburg, alhali ƙa'idojin da zai koyar ba su zauna masa ba. Sai ya duƙufa karatu a gida, ya koya yau, ya koyar gobe, har ya zama gwani. A hannunsa shahararrun masu tsara kiɗa Glazunov da Stravinsky suka yi karatu.

A 1905 aka kore shi don ya tsaya wa ɗalibai masu zanga-zanga. Abokan aikinsa suka ajiye aiki dominsa, aka mayar da shi. Nan na dakatar da kiɗan, na daɗe zaune, jan biro a hannuna.